Mutumin da Ya Kwashe Matattun Dalmoy

Torquil Munro shi ne mai haƙan kabari a Dalmoy, wani ɗan ƙauye a kwari tsakanin tsaunukan arewacin Scotland. Gadon sana'ar ya yi wurin ubansa. In babu mutuwa, yana wurin tumakinsa kamar kowa.

Bayan yaƙin duniya na biyu hukuma ta ce za ta datse kogi don samar da lantarki, ruwa zai shanye kwarin gaba ɗaya. Aka yi taro a coci, aka yi ta hayaniya, aka watse. Masu rai aka gina musu gidaje a bakin titi. Matattu kuwa aka ce Torquil ya kwashe su zuwa kan tudu, tunda shi ya san inda kowa yake kwance.

Shi da Murdo, ƙanin marigayiya matarsa, suka kama aikin. Murdo bakinsa ba ya shiru.

"Ka ga tsoho Lachlan," in ji shi, "yana da rai ko fita ƙofar gida ƙyuya yake yi, yau ga shi zai hau tudu."

Torquil bai yi dariya ba, bai kuma ɓata rai ba.

Ranar da suka iso kabarin Ishbel, matarsa, Murdo ya riƙe masa hannu.

"Yaya, bar mini wannan. Je ka sha shayi."

"Akwai dutse a nan. Karya mini shebur za ka yi."

Ya haƙa da kansa. Gefen akwatin gawar ya ruɓe, ya hango gashinta, ja kamar yadda ya san shi. Ya tsaya yana jiran ya ji wani abu. Bayansa kawai ya ji yana ciwo. Murdo ne ya zauna a kan katanga ya yi kukan.

Ruwa ya taso a hankali, ya ci gada, ya ci makaranta, ya rufe cocin. Mutane suna zuwa kallo. Torquil ya sayar da tumakinsa, ya shiga aikin gyaran titi.

Ya tsufa tukuf lokacin da wata malama mai rubuta tarihin ƙauyen ta zo wurinsa.

"Baba, yaya ka ji a lokacin?"

Ya daɗe yana tunani, don yana son ya faɗa mata gaskiya.

"An sha ruwan sama shekarar," ya ce. "Ƙasar ta yi nauyi wajen haƙa."

Ta jira ƙari. Ya tashi ya ɗora buta a wuta.