Kalangun Ɗan Sanatu

Kin san abin da Ƙaltume ta ce wa Sanatu a bakin famfo, mata cike? Ta ce yaron Sanatu, Fatawu, ɗan ruwa ne, a kai shi bakin teku a ajiye ya koma wurin danginsa. Shekarar yunwa ce, muna gidan haya ɗaya a unguwar Mamobi, can Gana, ni ina wurin da bokitina.

Sanatu mai koko ce. Yaron shekara shida ba ya magana, sai ihu, sai buga kai da bango har jini. Ranar nan a famfo, Sanatu ta ɗau ruwanta ta wuce. Amma ta riƙe. Kai, matar nan akwai riƙo!

Ran nan wani tsohon makaɗi Badagombe, Ziblim, ya tsaya shan koko yana taɓa kalangunsa. Yaro ya bar ihu. Ya rarrafo ya manna kunne jikin fatar, ya yi lamo. Sanatu ta ce, "Baba, kokonka kyauta har abada, kullum dai ka zo ka kaɗa masa."

A hankali buga kai ya tsaya. Ya fara barci, ya fara kallon mutum a ido. Da ya girma, ya koyi kalangu wurin tsohon, duk unguwannin Nima da Mamobi babu biki sai da shi. Baki har yau ba magana, hannu kuwa wuta.

To kin san al'ada, makaɗi kan tsaya gaban kowace mace ya kaɗa mata takenta, ta fito ta taka. Ran sunan jikan Ƙaltume, ta sha leshi, ta gyara ɗauri tana jira. Sanatu na gefe, ta girgiza wa ɗanta kai kawai. Ya kaɗa wa ta dama, ya tsallake Ƙaltume, ya kaɗa wa ta hagu. A gidanta fa! Mata suka yi ta ƙus-ƙus. Shekara goma, duk bikin da aka haɗu, haka.

Da ciwo ya kwantar da Sanatu, Ƙaltume ta aiko ni neman gafara. Na je na ce, "Ƙawata, kabari ake fuskanta, ki yafe mana."

Ta ɗago ido da ƙyar, ta ce, "Ni ta ce a jefar? Ta je ta roƙi Fatawu. Ran da ya buɗe baki ya ce ya yafe, ni ma na yafe."