Kaskon Ruwan Kakata

Jiya da rana ina kwance sai na ji wani ƙugi a bayan ɗaki. Na tashi a guje, har takalmi na bari, ina cewa ƙudan zuma sun zo. Ashe firigon sanyaya ruwa na maƙwabcina ne ya tashi, an maido wuta. Na koma na kwanta, amma barci ya ƙi.

Haka garkar kakana, wato lambunsa, take ƙugi a Dabaga idan albasar iri ta yi fure. In ka shiga da hantsi, sai ka yi wa na kusa da kai magana da hannu. Amya tana rataye a bagaruwa, gungumen goruba ne da aka rarake. Harbin da na sha a gindinta, da ana tara shi da ya kashe raƙumi. Akwai ranar da fuskata ta kumbura, mahaifiyata ta tambaye ni ɗan gidan wa ne.

Kakata ce mai ba ƙudan zuman ruwa. Da bazara takan cika tsohon kasko, ta jera tsakuwa a ciki, kawunansu a waje, don ƙudan su sami wurin tsayawa kada su nutse. Na taɓa kwashe tsakuwar don harbin tsuntsu. Ta kama kunnena ta ce, "Kai mijin banza, baƙina za ka kashe mini? In ba su taka furen nan ba, ƙaiƙayi za ku shuka baɗi."

Yanzu garkar tana hannun ɗan baffana. Bara na je na tarar da amyar a bushe, gizo-gizo ya yi saƙa a bakinta. Na murza kan albasar iri a tafina, na hura, kusan duka ya tashi. Na roƙi ɗan baffan nawa ya bar feshin maganin ƙwari da safe, ya jira magariba in ƙudan sun koma gida. Ya ce, "Yaya, na ji. To maƙwabtana fa? Tsutsa kuma in ta cinye albasar, kai za ka ciyar da yaran?"

Da na dawo Agadez na sami kasko, na jera tsakuwa, na ajiye a gindin lemun gidana. Baƙin da na yi zuwa yau: ƙudajen mahauta, ƙadangare, da akuyar maƙwabta da ta shanye ruwan ta dube ni. Yarana dariya suke yi. Ni ma ina taya su, sannan in ɗauko buta in sake cikawa.