Inda Uban Nababa Ya Tsaya

Nababa manomin doya ne a Jiwa, amma an fi saninsa da kukuma, ƙaramin gogen nan mai tsirkiya ɗaya da ya gada wurin mahaifinsa. Kiɗan noma tara tsohon ya koya masa. 'Ya'yansa biyar duk sun shige ofis, ko rabin guda babu wanda ya ɗauka, ga shi yatsunsa sun fara rawa. Tsoronsa ɗaya ne, kada a binne shi da kiɗan.

'Yarsa Rekiya ce ta kai shi situdiyon naɗar kiɗa a Durumi, wurin Mabel, 'yar Filato mai kaɗa fiyano a coci. Ta naɗi kiɗan, ta taɓa kwamfuta, ta kunna masa tana murmushi.

"Baba, wasu sautukanka sun kauce layi, amma na gyara."

Nababa ya saurara. Komai ya fito sumul, kuma salam, kamar miya ba daddawa. Ransa ya ɓaci ƙwarai.

"Wannan ba ubana ba ne," ya ce. "Danna mini maɓallan fiyanon nan biyu na kusa da juna."

Ta danna fari, ta danna baƙi. Ya ɗauki kukuma, ya ja izga, ya zame yatsa, ya tsaya a tsakaninsu.

"Nan yake tsayawa."

Kunya ta kama Mabel. Ta bayyana masa cewa daga sauti zuwa takwaransa na sama, fiyano taki goma sha biyu daidai wa daida yake da shi, kwamfuta kuma duk abin da ya faɗa tsakani sai ta tura shi taki mafi kusa.

"Ashe tsani kuke hawa," in ji Nababa. "Mu gangare muke bi."

Wata da tuni ta ce tsoho ya cika rigima. Mabel kuwa ta goge gyaranta. Kwana uku tana auna sautukansa ɗaya bayan ɗaya, tana sauke wannan maɓalli da rubu'in taki, tana ɗaga wancan kaɗan, har fiyanon lantarkin ya koma bin kukuma. Da ta kaɗa kiɗan farko, Nababa ya juya wa bango fuska ya share ido. Duk taran ta haddace.

Bana yatsun sun ƙi sam, kukuma tana rataye a ƙusa. Bai damu ba, godiya kawai yake yi wa Allah da yarinyar. Idan baƙo ya tambaye shi 'ya'yansa nawa, shida yake cewa.