Ranar Da Na Goya Inna A Dutsen Kara

Shekarun baya, tun ba a fasa dutsen Kara an yi wa mota hanya ba, na yi wani abu da har gobe in na tuna sai in ji kaina ya yi girma. Ku yi haƙuri, yau tsoho zai ɗan yi kuri.

Ni ne ɗan farin mahaifiyata. A bayanta na iso Makka ina jinjiri, ta ratso Barno da Sudan da ni. Amma saboda kunyar ɗan fari irin ta mutanenmu, tunda na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Ko ido ba ma haɗawa. In tana son abu sai ta kalli bango ta ce, "A ce wa wancan ya ɗebo ruwa," alhali daga ni sai ita a ɗakin.

Wata shekara zafin Makka ya kwantar da ita a gidanmu na unguwar Zahir. Ga zazzaɓi, ga ƙin abinci, kullum sai ramewa take. Mai magani ya ce in ba a kai ta wuri mai sanyi ba, da wuya ta ga ƙarshen zafin nan. Ƙanwata kuwa tana aure a Ɗa'ifa, can saman duwatsu. Akwai motoci masu zagayawa ta wata doguwar hanya, amma Inna ta ce atafau, ita da ta zo daga Kano da ƙafarta ba za ta mutu a cikin akwatin ƙarfe ba. Dole muka bi ta Kara, hanyar alfadarai.

Muka wuce Arfa, muka kwana a gindin dutsen, da safe muka kama hawa tare da wani Balarabe mai alfadari. Ni da wautata, daga ni sai riga 'yar shara da rawani. Wai ni gwani, na saba hawa duwatsun cikin Makka. Ashe ban ga komai ba! Hanya ce 'yar siririya, an jera mata duwatsu kamar matakala, sai nannaɗewa take. Dama bangon dutse, hagu rami, wanda in ka jefa tsakuwa ba ka jin faɗuwarta. Birai na zaune suna ta kallonmu.

Bayan azahar, mun ci fiye da rabi, jiri ya kwashi Inna a kan alfadari. Wallahi da ban cafko gefen zaninta ba, da sai dai labari. Mai alfadarin ya ga gajimare na saukowa yana rufe hanya, ya ce da Larabci, "Hajja ba za ta iya zama ba. Ko mu koma, ko ka ɗauke ta. Yalla, yi sauri, sanyi na tafe." Komawa kuwa, komawa ce cikin zafin da ke cinye ta.

Na durƙusa na ba ta baya. Na ce, "Inna, hau."

Ta kau da kai. "Allah ya kiyaye. A bar ni a nan."

"To sai mu zauna mu biyu, birai su yi mana zaman makoki."

Can sai na ji hannunta a kafaɗata. Rabon da ta taɓa jikina tun yaye. Na ja mayafinta na ƙulle a cikina kamar mai ɗaurin kaya. Sai ta kalli dutse ta ce, "Wasu mutane ko goyo ba su iya ba. Zani a ƙirji, majanyi a ƙugu." Na warware rawanina ya zama majanyi. Mai alfadari ya yi dariya har da riƙe ciki, bai taɓa ganin ƙato mai gemu da goyo ba. Ko a jikina.

Ba ta da nauyi ko kaɗan, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Amma hawa hawa ne. Numfashi na sarƙewa, haƙora na kaɗawa don sanyi. Gajimare ya lulluɓe mu har ba na ganin komai sai wutsiyar alfadari. Duk inda na yi tuntuɓe sai in ji "Bismillahi" a ƙeyata. Can kuma na ji tana ɗan bubbuga kafaɗata a hankali, yadda ake lallashin jariri, alhali ita ce a goye. Nan fa hawaye suka ƙwace mini.

Kafin magariba muka fito sama, a ƙauyen Hada. Iska mai daɗi, ga gonaki kore shar. Na sauke ta a gindin wata bishiya, ni kuma na zube. Wata tsohuwa Balarabiya ta kawo mana ruwa, ta dube ni, ta tambayi Inna, "Hajja, ina kika samo ɗan dako mai ƙarfi haka?"

Inna na jin Larabci sarai. Amma sai ta amsa da Hausa, harshen da babu mai jin sa a saman dutsen nan sai ni.

"Ɗana ne. Ni na haife shi."

Sanyin Ɗa'ifa ya karɓe ta, ta warke, ta yi shekaru masu yawa bayan nan. Muna komawa Makka na sake zama "wancan", ni kuma ban yi ƙorafi ba.

Yanzu in jikokina suka bi da ni ta Kara a mota, nakan hango ragowar matakalar nan, in ce a rage gudu. Su suna tsammani tsoron rami nake. Ina! Wurin nake kallo. Na yi aiki iri-iri a rayuwa, an yabe ni a wasu, amma babu yabon da ya kai wancan. Ba ta sake faɗa ba har ta koma ga Allah, ni ma ban nema ba. Sau ɗayan nan ya ishe ni.