Duk Wanda Sunansa Ya Ƙare Da Tsafe

Sai da na yi furfura na koyi ba kwamfuta umarni da rubutu. Saura 'yan shekaru in bar aiki aka ce za a ɗauki hoton tsofaffin fayilolin malamai a zuba a na'ura, aka tura mu kwas mu huɗu, ni kaɗai na jure. Baƙin allo ne kawai, masu abin suna ce masa shel. Ka rubuta layi uku ka adana, ka ce ya bi, sai ya buɗe maka sababbin fayiloli ɗari, ya sauya wa dubu suna, ya tsince waɗanda ka ce ya tsince. Akwai wata alama mai kama da tauraro, ma'anarta "ko mene ne". In ka sa ta kafin kalma, duk sunan da ya ƙare da kalmar nan zai kwaso maka shi. Ranar da mai koyarwa ya nuna mana wannan, sauran suna ta mamaki, ni kuwa raina ne ya ɓaci har na kasa cin abincin rana. Na san aikin nan. Na taɓa yin sa da hannuna a Gusau, ina da shekara ashirin da uku.

A tsakiyar shekarun saba'in ne, ina akawu a ɗakin fayil na wani ofis mai kula da malaman firamare. Da damina aka ce za a buɗe ƙananan ofisoshi biyu, ɗaya a Tsafe ɗaya a Bungudu, kowane malami a kai fayil ɗinsa kusa da makarantarsa. Abin kirki ne, ban musa ba. Masifar ita ce sabon shugabanmu, wanda ya dawo daga wani kwas yana ganin duk wanda ke ofishin nan jahili ne sai shi. Ya zauna ya tsara aikin layi uku, aka buga a tafireta, ya manna a jikin kabad ɗina. Na ɗaya, a buɗe wa kowane malami sabon fayil. Na biyu, a soke tsohuwar lamba da jar biro a rubuta sabuwa. Na uku, duk wanda sunansa ya ƙare da Tsafe a sa shi buhun Tsafe, wanda ya ƙare da Bungudu buhun Bungudu, sauran su zauna Gusau.

Don Allah wane ɗan ƙasar nan ne bai san yadda muke samun waɗannan sunaye ba? An kai ka makaranta, hedimasta ya tarar da masu sunanka biyar a aji, sai ya liƙa wa kowa garin ubansa, shi ke nan ya bi ka har kabari. Ni kaina Bungudu ce a bayan sunana, ga ni zaune a Gusau. Na ɗauki takardar na shiga ofishinsa.

"Ranka ya daɗe, sunan gari ba shi ne inda mutum ke koyarwa ba. A bari in buɗe kowane fayil in duba makarantarsa."

Ko ɗaga kai bai yi ba. "Fayil nawa gare ka?"

"Sun fi ɗari shida."

"To, in ka buɗe su ɗaya-ɗaya sai kaka. An ɗauke ka ka yi tunani ne? Abin da ke rubuce za ka bi, kada ka ƙara, kada ka rage."

A gaban masu tafireta biyu ya faɗa mini haka, ɗaya har ta sunkuyar da kai tana dariya. Na fito na ce a raina, to madalla, abin da ke rubuce, wallahi ko ɗigo ba zan kauce ba. Kwana uku ina soke lamba ina jefawa a buhu, irin buhunan gyaɗa da aka aro daga kasuwa, ina jin daɗin duk fayil ɗin da na san ya tafi inda ba nasa ba.

A rana ta uku na ɗauko na Malam. Shi ne ya koyar da ni a aji uku a Furfuri, ƙasar Bungudu, shi ya gyara mini riƙon alƙalami da nake cin abinci da shi. Ubansa mutumin Tsafe ne, don haka Tsafe ce a ƙarshen sunansa, amma shekararsa goma sha shida a Furfuri, can ya yi aure, can gonarsa take. Duk lokacin da ya shigo Gusau a kan kekensa sai ya leƙo ɗakin fayil da ƙullin dafaffiyar gyaɗa. Na riƙe fayil ɗin, na karanta sunan sau biyu. Buhun Bungudu yana nan daidai ƙafata ta dama. Na ce a'a, bari ya tafi Tsafe, in Bungudu suka nema suka rasa sai mai kwas ya sha kunya, mako biyu a dawo da shi. Na jefa shi hagu, buhun Tsafe, na ɗaure bakinsa.

Abin da ban sani ba, Malam ya shekara uku yana neman a tura shi kwalejin horar da malamai ya samu babbar takarda, don duk shekarun nan da ƙaramar takarda yake koyarwa. Ba a ɗaukar wanda ya kai arba'in, shi kuwa yana da talatin da tara. Ranar wata Talata wasiƙa ta zo daga hedkwata a Sakkwato: an zaɓe shi, a aiko da fayil ɗinsa, da ainihin takardar shaidarsa da rahotannin masu duba makarantu da ke ciki, kafin a tashi aiki ran Juma'a. Aka tambayi Bungudu, suka ce ba su gan shi ba.

Na koma wurin shugaba na ce yana Tsafe, a ba ni izini in hau mota in ɗauko. Ya gane sarai cewa in na tafi, kowa zai san layinsa na uku ne ya jawo. Sai ya ce a bi ƙa'ida, a rubuta wa Tsafe wasiƙa. Wasiƙa, a kan tafiyar da ba ta kai awa biyu ba. Har yau in na tuna yadda ya gyara zaman hularsa yana faɗin haka sai in ji kamar in fasa wani abu.

Ran Alhamis na tafi ba izini. Ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, na samu motar haya kiya-kiya a tasha, muka bi hanyar Funtuwa. Na tarar da ofishin Tsafe ɗaki biyu ne, buhunan suna sito a kulle ko kwance su ba a yi ba, ina hango su ta taga. Akawun wurin, dattijo ne mai ladabi, ya ce, "Ɗana, ban da ikon fidda ko takarda guda sai da sa hannun Gusau." Na roƙe shi, na rantse, na yi masa tsawa, daga baya na ba shi haƙuri. Shi ma abin da ke rubuce yake bi, da wane baki zan zage shi? Na dawo jiƙe, Juma'a shugaba ya tafi rangadi, sai Litinin ya sa hannu. Da fayil ɗin ya isa Sakkwato an rufe, an ba wani gurbin.

Bayan mako guda Malam ya zo. Na ji ƙarar kekensa yana jingine shi a bango, na rasa inda zan sa kaina. Ya yi sallama, ya ajiye ƙullin gyaɗa a kan tebur kamar kullum, ya tambayi mutanen gida. Sai ya ce, "An ce mini tsarin ofis ne. Fayil da yawa haka, ai ba ka lura da sunana ba, ko?"

Na ce, "Ban lura ba, Malam."

"Na sani," in ji shi. "Da ka gani ba ka sawa."

Shugaban nan an ƙara masa girma a shekarar da ta biyo baya, an ce ya iya tsari. Na daɗe ina tsine masa, kuma har gobe ban ce ya yi daidai ba. Amma shi bai san Malam ba, bai taɓa ganin fuskarsa ba.

Da aka gama ɗaukar hoton tsofaffin fayilolin, ni aka ba aikin raba su gari-gari a kwamfuta. Na rubuta jerin umarnina, amma ban yarda ya motsa ko fayil guda ba sai ya fara jero mini sunayen a allo na karanta da idona. Abokan aiki suna cewa tsoho na ɓata lokaci, na ce su je su kai ƙara. Na sa tauraro, na rubuta Tsafe, sunaye suka zubo, ga na Malam a cikinsu. Na buɗe. Shafin ƙarshe takardar barin aiki ce, daga makarantar Furfuri, matsayinsa kuwa shi ne dai wanda yake kai ranar da na ɗaure buhun nan. A bangon fayil ɗin ga tsohuwar lamba an soke ta da jar biro, layi ɗaya miƙaƙƙe, da irin riƙon alƙalamin da ya koya mini.