Ranar da Teku Ta Ɗauke Takalman Kaka

A gidanmu na Rillieux, a Faransa, babu murhu, sai ƙarfen ɗumama ɗaki a ƙarƙashin taga. Nan Kaka, mahaifiyar Baba, take jingina bayanta in an yi magariba, ni kuma in lafe a jikinta. Jinyar ido ce ta kawo ta daga Damagaram, ta shekara tare da mu.

Da hutu Baba ya kai mu bakin teku. Muka tarar ruwa ya janye can nesa, sai danshin yashi iya ganinka. Kaka ta damƙo shi ta murza.

"Kai, mutanen nan da asarar ƙasa! A wajenmu in tabki ya ja baya haka, albasa ake dasawa."

Ta tuɓe takalmanta ta shiga tsintar katantanwa. Kafin la'asar ruwa ya dawo, takalma kuwa sai labari. Muka yi dariya har da hawaye, ita tana ta sababi.

Da komawarta gida ta matso, abinci ya daina shiga mini. Shekarata takwas, kuma na tabbata in ta hau jirgi na rasa ta ke nan. Ta lura, sai ta jawo ni wata yamma.

"Matso, uwar rigima, ga wata tatsuniya nan tafe da ɗuminta."

Wai wani manomi ne ya ga Teku ta kwashe kayanta ta tafi, ya ce faɗuwa ta zo daidai da zama, ya dasa albasa a gurbinta. Da yamma sai ga ta, ta shanye gonar tas. Ya ɗora hannu a ka yana kiran ɓarauniya. Teku ta ce, "Malam, wa ya ce maka ƙaura na yi? Gaida ubana Farin Wata na je. Kullum sau biyu nake zuwa, kuma ban taɓa ɓata hanyar gida ba."

"Ke ma za ki dawo?" na tambaye ta.

"Ci tuwonki tukuna. Ruwan da ya san gurbinsa ba ya ɓata."

Ba ta sake zuwa Faransa ba, kuma na daɗe ina jin haushin ta yi mini wayo. Sai da na fara aiki a Paris, na je Damagaram hutuna na farko. Na same ta a kan tabarma, ido ya tafi, amma ta gane sallamata. Ta shafa fuskata tana dariya.

"Ku faɗa wa masu cewa ta ƙaura su tuge albasarsu. Ga ruwa ya dawo."

Ashe tun ranar nan ba kanta take nufi ba.