Farantin da Wuta Ta Taɓa

Maigidana maƙerin fari ne, mai aikin tagulla, rumfarsa na bayan kasuwar Kafanchan. In ya gama goge faranti, ba ya duban fuskarsa kai tsaye. Sai ya fito bakin ƙofa da hantsi, ya ɗaga shi daidai idonsa, ya ɗan karkata shi. Hasken ya kwanta a kan tagullar, ya bi ta sumul har gefe. Inda kuwa akwai ƙwarzane, ko da bai kai silin gashi ba, nan hasken zai tarwatse, ya yi tartsatsi. Sai ya koma ciki da tsumma da toka.

A farkon 1987 wata Madam ta ba shi aikin babban faranti na bikin 'yarta. 'Yar ƙabilar Ibo ce, mijinta direban jirgin ƙasa, ni kuma a wurinta nake sayen manja. Hausarta ba ta raba mace da namiji. Takan ce mini, "Uwargida, ka gaya wa mijinki ya yi sauri."

Ya gama aikin, saura ta zo ta ɗauka, sai gari ya rikice. Wuta ta kama layin rumfunansu. Maigida ya kutsa cikin hayaƙi yana ƙoƙarin fid da kayan mutane, ya damƙi farantin da hannun dama. Fatar tafinsa a jikin ƙarfen ta tsaya. Bayan ya warke yatsunsa uku suka ƙi miƙewa, guduma ta gagare shi. Madam kuwa sun kwashe yara sun yi gabas, ko sallama ba mu yi ba.

Ya koma awon citta a rumfar ƙaninsa. Amma duk Juma'a bayan masallaci sai ya jawo farantin daga ƙarƙashin gado, ya goge da hagu, ya fita da shi rana. Zafin wuta ya riga ya yi wa fuskar farantin ƙananan ƙuraje, hasken ba ya tafiya ko taƙi ɗaya sai ya watse.

"Malam, ka haƙura mana," na ce masa.

"Aikin mutane ne," ya ce, bai ɗago ba.

Shekaru sun ja, jiragen ma sun yi ƙaranci, sai ga Madam ta yi sallama da baƙaƙen kaya a jikinta. Mijinta ya rasu, ta zo ganin kabarin ɗanta na fari da ke nan garin. Na tambaye ta labarin amarya. Ta ce an yi bikin a can, haihuwar fari ta tafi da ita.

Maigida ya shiga ɗaki ya fito da farantin. Ita ba farantin ta kalla ba, hannunsa ta kalla.

"Wannan saboda kayana ne?"

"Ƙaddara ce, Madam."

Ta zauna a tabarma ta yi kuka, na riƙe ta, ni ma ina yi. Da la'asar ta naɗe farantin a zane, muka raka ta tasha. Maigida bai ga damina ta gaba ba. Ciwon ƙirji ya kwantar da shi, muka binne shi kafin a fara shuka.